Redd Foxx: Daga wanke-wanke a Harlem zuwa talabijin ɗin Amurka

A farkon shekarun 1940, samari biyu baƙar fata masu jan gashi suna wanke kwanuka a gidan abinci na Jimmy's Chicken Shack da ke Harlem, birnin New York. Don a bambanta su, sai aka laƙaba wa kowa sunan wani gari, ɗaya Chicago Red, ɗayan Detroit Red. Na Detroit shi ne ya zama Malcolm X. Na Chicago kuwa, John Elroy Sanford, wanda aka haifa a St. Louis a 1922, shi duniya ta sani da Redd Foxx.

Sana'arsa tsayawa gaban jama'a da makirfo ya sa su dariya, amma ya daɗe bai wuce gidajen rawa na baƙaƙe ba, saboda wariyar launin fata ta toshe masa manyan dandali. Faifan garmaho ne ya fito da shi. A 1956 kamfanin Dootone ya saki faifansa Laff of the Party, wasu suka biyo baya da yawa. Bakin Foxx ba linzami, batsa ce zalla, gidajen rediyo ba sa sakawa, shaguna da dama kuma sai a ɓoye suke sayarwa. Duk da haka faifan sun shiga gida-gida, manya na saurara bayan yara sun yi barci. Ni a ganina batsar ba ita ce gwanintarsa ba. Yana magana ne yadda talakan unguwa ke magana, ba ya gyara harshe don farantawa farar fata, kuma hanyar da 'yan wasan barkwanci Richard Pryor da Eddie Murphy suka bi ke nan daga baya.

Yana dab da shekara 50 talabijin ta neme shi. A 1972 tashar NBC ta fara Sanford and Son, wanda aka aro daga shirin Ingila Steptoe and Son. Foxx ya fito a matsayin Fred Sanford, tsoho ɗan gwangwan a unguwar Watts ta Los Angeles, mai mita da son banza, kullum cikin cacar baki da ɗansa Lamont. Sunan Fred na yayan Foxx ne. Da zarar an ƙure tsohon, sai ya dafe ƙirji, ya yi tangaɗi, ya ɗaga kai sama yana shaida wa marigayiya matarsa Elizabeth cewa ga shi nan tafe. Da Foxx ya samu wuri bai manta abokan wahala ba: shi ya tsaya kai da fata aka ɗauki LaWanda Page, wadda suka san juna tun St. Louis, ta zama Aunt Esther a shirin. Shirin ya kai 1977.

Kuɗi sun shigo, hannunsa kuwa ba ya riƙe su. A 1989 jami'an haraji suka kwashe masa kaya a gidansa na Las Vegas. Ranar 11 ga Oktoba, 1991, ana gwajin sabon shiri The Royal Family, ya yanke jiki ya faɗi, abokan aiki suka ɗauka tsohon wasan nan ne. Ciwon zuciya ne na gaske, ya rasu yana da shekara 68. Eddie Murphy, wanda ya saka shi a fim ɗin Harlem Nights, shi ya ɗauki nauyin jana'izar.