Tururin Zaiba a Ɗakunan Tamale

A shekarar 2007 ruwan madatsar Akosombo ya ja baya ƙwarai, aka ci gaba da karɓa-karɓar wutar lantarkin da aka fara tun 2006 a faɗin Gana. Tamale, wadda wutarta ke zuwa daga kudu, ba ta tsira ba. Cikin matakan da gwamnati ta ɗauka har da raba ƙwan fitila miliyan 6 kyauta, irin farin nan mai murɗaɗɗen bututu, domin ya maye gurbin tsohon ƙwai mai zare, wanda akasarin wutar da yake sha zafi take komawa.

Asalin farin ƙwan yana Amurka, inda Peter Cooper Hewitt ya yi rajistar fitilar tururin zaiba a 1901. Babu zaren da ke ci a cikinta. Wuta ce ke ratsa tururin ƙarfen: ilektron su yi ta karo da ƙwayoyin zarrar zaiba, su fizge wa waɗansu ilektron, hanya ta buɗe wa lantarki, waɗansu kuma su fitar da haske. Sai dai hasken kore-kore ne, yana mai da fuskar lafiyayye kamar ta majinyaci, don haka fitilar ta tsaya a masana'antu da ɗakunan ɗaukar hoto. Gyaran ya zo da shafa wata hoda a cikin bututun, wadda ke juya hasken da ido ba ya gani ya koma fari. A 1938 kamfanin General Electric ya fito da irin wannan kasuwa.

Rabon 2007 ya sauƙaƙa wa Akosombo, amma kowane ƙwai na ɗauke da ɗigon zaiba, ita kuwa guba ce idan gilashin ya fashe a ɗaki ko a juji.