Wa Ke Jin Kukan Gandiroba?

Lokacin da John Howard ya wallafa littafinsa kan halin da gidajen yarin Ingila ke ciki a 1777, yawancin masu tsaron kurkuku ba su da albashi. Abin da suka tatsa daga fursunoni shi ne abincinsu. Dokar gidajen yari ta 1823, wadda aka yi a zamanin Robert Peel, ta tanadi a riƙa biyansu, ta kuma wajabta a ajiye limamin Kirista a gidan yari. Amma don wa aka kawo limamin? Don fursuna aka kawo shi. A kurkukun Pentonville da aka buɗe a 1842, inda ake keɓe kowane ɗaurarre shi kaɗai a ɗaki, limamin na cikin 'yan tsirarun da ke zuwa su yi magana da shi, da fatan kaɗaici da wa'azi su kai shi ga tuba. Gandiroba kuwa, wanda ke wuni a bayan katangar nan yana jin ihun waɗanda kaɗaici ya taɓa wa hankali, an ɗauke shi tamkar makullin da ke rataye a ƙugunsa.

Abin da ya tona wannan sakaci ya faru ne a Amurka. Ranar 9 ga Satumba, 1971, fursunonin Attica a jihar New York suka ƙwace wani sashe na kurkukun, suka yi garkuwa da ma'aikata. Ranar 13 ga wata, da amincewar Gwamna Nelson Rockefeller, jami'an tsaro suka kutsa da bindigogi. Mutum 43 ne suka mutu a tarzomar. Da farko hukuma ta ce fursunoni ne suka yanka ma'aikatan da aka yi garkuwa da su, sai binciken gawa na Dakta John Edland ya nuna harsashi ne ya kashe su, alhali fursunonin ba su da bindiga ko ɗaya.

A ganina, abin da ya biyo baya ya fi wannan ciwo. An aika wa zawarawan ma'aikatan ɗan kuɗin diyyar aiki tun hawayensu bai bushe ba, ba tare da an fahimtar da su cewa karɓarsa ya toshe musu hanyar kai ƙarar gwamnati ba. Sai a 2005, bayan iyalan sun haɗu a ƙungiya suna ta fafutuka, jihar ta amince da biyan dala miliyan 12. Fursunonin ma sun riga su samun tasu diyyar tun 2000.

Kula da ruhin ma'aikaci da lafiyar ƙwaƙwalwarsa ya zo a makare, kuma ba daga hukuma ya fara ƙarfi ba. A 2003, Caterina Spinaris, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta kafa Desert Waters a garin Florence na jihar Colorado, garin da gidajen yari suka kewaye. Ita ce ta ba wa wannan lalura suna: gajiyar aikin gidan yari, wato taruwar tsoro da ɓacin rai shekara da shekaru, har mutum ya koma gida ya kasa sakewa da iyalinsa. Tsakanin dokar Peel da wannan cibiya, shekara 180 ce.