Kalmar Hutu: Daga Inuwar Gona zuwa Takardar Gwamnati

Kalmar hutu ta fito ne daga aikatau "huta", kuma a bakin magabata ba ta rabuwa da gajiya. Manomin da ya ajiye hauya ya zauna a inuwa shi ne ya huta. Daga nan aka samu gaisuwar "sannu da hutawa" da sallamar "a huta gajiya". Wanda kuwa ya tashi bai san wahala ba akan kira shi ɗan hutu, kuma sunan ba yabo ba ne. A wancan zamani jiki da yanayi ne ke yanka hutu: damina ta aiki ce, rani na fatauci da sana'a da bukukuwa.

Hutun da aka fara ƙidaya shi da ranaku a ƙasar Hausa na makarantar allo ne, inda almajirai ke ajiye allunansu Alhamis da Juma'a. Malamai na danganta wannan al'ada da Halifa Umar ɗan Haɗɗabi.

Zuwan Nasara, waɗanda suka kama Damagaram a 1899, ya kawo wani lissafi dabam. Lahadi ta zama ranar rufe ofis. Lakkol kuma ta zo da tata Alhamis, gadon dokar Jules Ferry ta 1882, wadda ta bar wa yaran Faransa rana guda a mako domin karatun addini. Haka almajiri da ɗan lakkol suka haɗu a rana ɗaya, ko da yake dalilansu sun bambanta.

Talaka dai bai ga wannan sabon hutu ba, domin aikin tilas na gina hanyoyi da ɗaukar kaya bai san Lahadi ba. Ma'aikatan Faransa sun samu hutun mako 2 da albashi tun 1936, alhali a nan sai ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar Houphouët-Boigny ta soke aikin tilas. Bayan yajin aikin gama-gari na 3 ga Nuwamba 1952 a Afirka ta Yamma, aka kafa dokar ƙwadago ta 15 ga Disamba 1952: awa 40 na aiki a mako, hutun awa 24 a jere, da hutun shekara mai albashi. Tun daga lokacin hutu ya zama hakki wanda ake rubutawa a takarda, ake kuma kai ƙara idan an tauye shi.

Harshe ya bi sawun wannan sauyi. Ma'aikaci ya ari "konje" daga Faransanci, ɗan lakkol ya ari "bakansi", amma tsohuwar kalmar ta buɗe ta haɗiye su duka: hutun mako, hutun salla, hutun haihuwa, hutun 18 ga Disamba da na 3 ga Agusta.

Sai dai kalma ɗaya ba ta daidaita masu amfani da ita ba. Babban hutun lakkol na faɗawa ne tsakiyar damina. Yaron birni a Yamai yana iya tafiya ziyarar dangi, na karkarar Maraɗi ko Tawa kuwa gona ke jiran sa, daga noman farko har kusan girbin gero. Nasa shi ne abin da Hausawa ke kira hutun jaki da kaya a ka. Malamin da ya ba ɗalibai jigon "yadda na yi hutuna" a watan Oktoba ya kamata ya tuna cewa da yawansu da kanta a tafin hannu suka dawo aji.