Lokacin da Aka Yi Garkuwa da Garmin

Shekarar 1989 ta haifi abubuwa biyu waɗanda a lokacin babu mai zaton hanya za ta taɓa haɗa su. A jihar Kansas ta Amurka, wasu injiniyoyi biyu, Gary Burrell da Min Kao, sun kafa kamfanin ƙera na'urorin gane wuri ta hanyar tauraron ɗan'adam, suka gutsuro sunayensu suka haɗa, aka sami Garmin. A watan Disambar wannan shekara kuma, wani masanin ilimin halittu mai suna Joseph Popp ya aika da faya-fayan kwamfuta kusan 20,000 ta gidan waya, da sunan suna ɗauke da bayani kan cutar ƙanjamau. Duk wanda ya saka faifan, da zarar ya kunna kwamfutarsa sau 90 sai ta ɓoye masa fayilolinsa, ta ce ya aika da dala 189 zuwa wani akwatin gidan waya a Panama. Wannan ne ake ɗauka a matsayin mafarin manhajar garkuwa da bayanai, wato wadda ke kulle wa mutum abinsa har sai ya biya fansa.

Dabarar Popp ba ta yi nisa ba, domin kuɗin da ke bi ta gidan waya yana barin sawu. Abin da ya raya sana'ar shi ne kuɗin intanet. A 2013 manhajar CryptoLocker ta riƙa karɓar fansa da bitcoin, a watan Mayun 2017 kuma WannaCry ta tsayar da aiki a asibitoci da dama na Birtaniya. Daga nan ɓarayin suka gane cewa tatsar mutane ɗaya bayan ɗaya wahala ce. Gara a nemi babban kamfani wanda tsayawar aikinsa na yini guda ta fi masa ciwo a kan biyan miliyoyi.

A ranar Alhamis, 23 ga Yulin 2020, masu agogon Garmin a faɗin duniya suka wayi gari manhajar Garmin Connect ba ta amsawa. Shafin kamfanin ya tsaya, layukan wayarsa sun mutu, ba kira, ba imel. Da fari kamfanin bai ce komai ba illa an sami katsewar aiki. Sai a ranar 27 ga watan ya fito ya amsa cewa hari aka kai masa, aka kulle wasu daga cikin na'urorinsa, ya ƙara da cewa bai ga alamar an taɓa bayanan abokan cinikinsa ko na biyan kuɗinsu ba. Kafin nan 'yan jarida sun riga sun ambaci sunan manhajar, WastedLocker, sun kuma ruwaito cewa an nemi dala miliyan 10.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan labari shi ne halin da masu agogon suka shiga, domin a nan ne tarihin yake da sabon abu. Agogon kansa bai lalace ba. Yana ƙirga taku, yana auna bugun zuciya, yana bin sawun mai gudu daga ƙofar gidansa har ya dawo. Amma hanyar da bayanan ke bi su isa wayar mai su ta ratsa ta rumbun kamfanin ne, kuma rumbun na kulle. Sai ga mutum da agogo a hannunsa na hagu, waya a na dama, tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba, amma ya kasa ganin taswirar gudun da ya yi da ƙafafunsa, saboda wata kwamfuta a wata nahiya ta daina magana. Waɗanda suka saba tura sakamakonsu zuwa Strava, inda 'yan tsere ke gwada juna, su ma hanya ta toshe musu. Masu ɗan sanin kan na'ura suka koma tsohon yayi: su jona agogo da kwamfuta da waya mai igiya, su kwafo fayil, su ɗora da hannu.

Wani zai ce ai wannan kukan daɗi ne, kuma ba zan musa masa gaba ɗaya ba. An yi ta ba'a a lokacin cewa gudun da ba a nuna wa jama'a ba kamar ba a yi shi ba ne. Sai dai a tuna da wane lokaci ne. Annobar korona ta rufe gidajen motsa jiki, an soke manyan gasannin tsere, mutane da yawa ba su da abin da ya rage musu sai gudu su kaɗai da kuma lambobin da agogo ke ba su. Ga wanda ya shekara biyar yana tara tarihin bugun zuciyarsa da barcinsa, tambayar ko tarihin nan zai dawo ba abin dariya ba ce. Akwai kuma tsoron da ya fi wannan: wa ke riƙe da bayanan yanzu? Taswirar gudu tana nuna inda mutum yake kwana da lokacin da yake barin gida. Tun a Janairun 2018 duniya ta ga haka, lokacin da taswirar da Strava ta wallafa ta fallasa siffar wasu sansanonin soja, saboda sojojin suna zagaye su da gudu da na'urorinsu a kunne.

Ba 'yan motsa jiki kaɗai abin ya shafa ba. Matuƙa jiragen sama da ke dogaro da flyGarmin wajen sabunta bayanan hanyoyin sama sun kasa saukar da su, alhali akwai nau'in tafiyar da doka ba ta yarda a yi da tsofaffin bayanai ba.

Saura batun fansa, wanda shi ne mai sarƙaƙiya. Masu binciken tsaron intanet sun danganta WastedLocker da wani gungu na Rasha da ake kira Evil Corp. Watanni bakwai kafin harin, a Disambar 2019, Ma'aikatar Kuɗi ta Amurka ta ƙaƙaba wa gungun takunkumi, bisa zargin satar sama da dala miliyan 100 da manhajar Dridex, aka kuma sa ladan dala miliyan 5 a kan jagoransa, Maksim Yakubets. Ma'anar takunkumin ita ce haramun ne ga kamfanin da ke aiki a Amurka ya miƙa musu ko sisi. Ke nan Garmin ya tsinci kansa gaba kura baya sayaki: in ya ƙi biya aikinsa na tsaye, in ya biya yana iya taka doka. Kafar Sky News ta ruwaito cewa an biya miliyoyin daloli ta hannun wani kamfani mai shiga tsakani, aka karɓo mabuɗin. Garmin bai fito ya tabbatar da biyan ba. A ganina shirun ma wani ɓangare ne na tarihin, domin mutanen da bayanan jikinsu ke cikin rumbun ba a taɓa gaya musu da me aka buɗe shi ba.

Ayyukan sun riƙa dawowa sannu a hankali daga 27 ga Yuli, gudun da agoguna suka adana ya kwarara zuwa wayoyi, hayaniya ta lafa. A ranar 1 ga Oktoban 2020 Ma'aikatar Kuɗin ta fitar da gargaɗi cewa duk mai taimakawa a biya fansa ga waɗanda ke ƙarƙashin takunkumi, har da kamfanonin inshora da masu shiga tsakani, yana iya fuskantar hukunci. Garmin kuwa ya rufe shekarar da cinikin da ya haura dala biliyan 4, fiye da na kowace shekara da ta gabata.