Zakin da ya daina tsoron mutum: George Adamson da sansanin Kora

Wata safiya a watan Yuni na 1971, a dajin Kora da ke bakin kogin Tana a ƙasar Kenya, George Adamson ya ji ihu daga bayan shingen sansaninsa. Ya ɗauki bindiga ya fita da gudu, sai ya tarar da zakinsa mai suna Boy riƙe da ɗaya daga cikin ma'aikatan sansanin a baki. Nan take ya harbe zakin. Ma'aikacin bai tashi ba, jini ya ƙare masa cikin 'yan mintoci. Wannan zaki shi ne wanda Adamson ya fi ƙauna a rayuwarsa, ya yi watanni yana jinyarsa a gefen tafkin Naivasha lokacin da ya samu mummunar karaya. Duk wanda ke son fahimtar aikin mutumin da ake wa laƙabi da Baba ya Simba, wato uban zakuna a harshen Suwahili, to daga wannan safiya ya kamata ya fara, domin fim ɗin da ya sa duniya ta san shi bai nuna irinta ba.

An haifi Adamson a 1906 a garin Etawah na Indiya, zamanin mulkin Ingila. Ya isa Kenya a 1924 yana ɗan shekara 18, ya taɓa aikin gonar kofi, ya taɓa neman zinariya, ya yi fataucin awaki, ya kuma yi wa masu kuɗi jagora wurin farauta. A 1938 ya shiga hukumar kula da namun daji, aka ba shi lardin arewacin ƙasar, yanki mai faɗi da fari. Babban aikinsa shi ne kama masu farautar sata da kashe dabbar da ta addabi jama'a. Wato mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana renon zakuna ya shafe shekaru yana harbinsu da izinin gwamnati.

A irin wannan fita ce, a watan Fabrairu na 1956, wata zakanya ta taso masa, ya harbe ta. Sai daga baya ya gane 'ya'yanta uku take karewa. Ya kai su gida wurin matarsa Joy, wadda ya aura a 1944. Biyu aka tura gidan namun daji na Rotterdam a Holan, ƙaramar kuwa suka riƙe, suka sa mata suna Elsa. Da ta girma sai zaɓi ya rage biyu: keji ko daji. Suka zaɓi daji, suka kai ta yankin Meru.

A nan ne wahalar ta fito fili. Ɗan zaki na zuwa duniya da sha'awar bin duk abin da ya motsa, amma dabarar kisa a wurin uwa yake koyonta: yadda ake laɓe ta inda iska ba za ta kai wari ba, yadda ake shaƙe wuya, yadda ake kare nama daga kura da ungulu. Elsa ba ta da uwa, saboda haka Adamson ya riƙa harbo dabba yana bar mata ta ja ta farke da kanta, sannan su tafi su bar ta kwana da kwanaki har yunwa ta tilasta mata. Ta koya. Ta sadu da zakin daji, ta haifi 'ya'ya uku a ƙarshen 1959. Littafin da Joy ta rubuta a kanta, Born Free, ya fito a 1960, fim ɗinsa kuma a 1966. Sai dai Elsa ta mutu a watan Janairu na 1961 sakamakon cutar jini da kaska ke yaɗawa, tana da shekara biyar kacal. 'Ya'yanta suka faɗa wa awakin mutanen ƙauye, har aka kama su aka kai su dajin Serengeti na Tanganyika, inda labarinsu ya ɓace.

Da aka gama ɗaukar fim, Adamson, wanda ya riga ya ajiye aikin gwamnati, ya karɓi wasu daga cikin zakunan da aka yi amfani da su, har da Boy da 'yar'uwarsa Girl, waɗanda wata bataliyar sojan Ingila ta rena a Kenya. A Meru ya sake su. Sun koyi farauta, amma a 1969 Boy ya ji wa ƙaramin ɗan shugaban gandun rauni, hukuma ta ce a kwashe. Hakan ne ya kai Adamson Kora a 1970, wuri mai ƙaya da duwatsu da zafi, wanda babu mai takara da shi a kai sai makiyaya.

Tare da Boy ya zo da wani zaki mai tarihin ban mamaki. Wasu samari biyu 'yan Ostareliya sun saye shi yana jariri a kantin Harrods na Landan a 1969, lokacin da doka ba ta hana irin wannan ciniki ba, suka sa masa suna Christian, suka rene shi a wani shagon kayan ɗaki. Hoton bidiyon da ya nuna shi yana rungumar samarin bayan shekara guda a daji ya karaɗe YouTube a 2008, miliyoyin mutane suka kalla. Kaɗan daga cikinsu ne suka san yadda sauran garken ya ƙare. Zakunan daji na Kora ba su yi maraba da baƙi ba, sun kashe wasu daga cikinsu. Boy ya ƙare a bakin bindigar mai gidansa. Christian kansa an daina ganinsa tun 1973.

Matsalar da Adamson bai taɓa warwarewa ba ita ce ta sabo. Yunwa na iya koya wa zaki farauta, amma babu wanda ya san hanyar mayar masa da tsoron ɗan Adam bayan ya sha madara a hannunsa. Zakin daji yakan kauce in ya ji ƙamshin mutum, kuma wannan kaucewa ita ke raya su duka biyun. Wanda ya tashi a cikin mutane yana da ƙarfin na daji, ba shi da kaffa-kaffarsa. Tony Fitzjohn, Baturen da ya zama mataimakin Adamson a 1971, ya sha da ƙyar a 1975 bayan wani zaki ya kama shi a wuya. Daga baya aka ji wa Terence, ƙanin Adamson, mummunan rauni, sannan wata baƙuwa 'yar Japan. A 1980 gwamnatin Kenya ta hana kawo sababbin zakuna Kora. Turawan da aka raunata sun warke, sun ba da labari a littattafai da finafinai. Wanda ya rasa ransa ma'aikaci ne ɗan ƙasa, kuma makiyayan da aka cinye wa dabbobi ba su samu ko shafi guda a cikin waɗannan littattafai ba sai a matsayin masu kutse.

Masana kimiyyar namun daji na yau sun fi karkata ga ɗauko zakunan da aka haifa a daji daga inda suka yi yawa a kai su inda suka ƙare. Haka aka yi a 2015, lokacin da aka kai zakuna 7 daga Afirka ta Kudu zuwa gandun Akagera na Ruwanda, suka hayayyafa. Ta wannan ma'auni hanyar Adamson ba ta zama abin koyi ba. Amma ba adalci ba ne a tsaya a nan. Kafin Elsa, zaki a idon yawancin Turawa abin harbi ne a rataye fatarsa a bango. Virginia McKenna da Bill Travers, waɗanda suka fito a matsayin Joy da George a fim, sun kafa ƙungiya a 1984 wadda ta zama gidauniyar Born Free. Kora kuma, wadda ta haura murabba'in kilomita 1,700, ta samu kariyar doka a 1973 saboda zaman tsohon a cikinta.

Ba zaki ne ya kashe ko ɗaya daga cikin ma'auratan ba. An kashe Joy a watan Janairu na 1980 a sansaninta na Shaba, kotu ta kama wani tsohon ma'aikacinta da laifin. George ya ci gaba da zama a Kora a bukkar ciyawa, cikin shekarun da masu farautar hauren giwa suka mamaye yankin da manyan bindigogi. Ranar 20 ga Agusta, 1989, 'yan fashi suka tare motar da ta ɗauko wata baƙuwa 'yar Jamus kusa da sansanin. Adamson, yana da shekara 83, ya ji harbi, ya shiga motarsa ya nufe su kai tsaye. Suka harbe shi tare da ma'aikatansa biyu, baƙuwar ta tsira. Ba da jimawa ba gwamnati ta ɗaga Kora zuwa cikakken gandun daji na ƙasa. An binne shi a can kusa da ƙaninsa Terence, ba nisa da inda ya binne Boy shekara 18 kafin nan.