Homiyofati a Likitancin Dabbobi

Homiyofati hanyar magani ce da wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, ya fito da ita a 1796. Ra'ayinsa shi ne, abin da ke jawo wa mai lafiya wasu alamun ciwo zai iya warkar da mai fama da irinsu, in dai an sirka shi sosai. Akan zuba ɗigo ɗaya cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza, a ɗebi ɗigo ɗaya a sake sirkawa, wani lokaci har sau 30. Lissafin masana ya nuna da an wuce zagaye na 12, da wuya a sami ko ɓurɓushin maganin a cikin kwalbar.

Wanda ya shigar da hanyar cikin garke gadan-gadan shi ne Wilhelm Lux, likitan dabbobi a birnin Leipzig. A 1831 wani mai dukiya daga Hangari ya aiko masa takarda yana neman maganin bushiya da ciwon saifa. Lux ba shi da abin da zai aika, sai ya ba da shawarar a ɗebi majinar saniya mai bushiya da jinin dabba mai saifa, a sirka sau 30, a ɗura wa marasa lafiyar. A 1833 ya wallafa ra'ayin, ya kuma kafa mujallar Zooiasis. Irin wannan haɗi daga jikin cutar kanta yana nan har yau, kuma a kansa aka fi ɗaga murya, domin wasu na ba da shi a madadin rigakafi. Ita dai bushiya, allurar rigakafi ce ta ga bayanta a duniya, aka sanar da haka a 2011.

Bayan dogon sanyi, harkar ta farfaɗo a ƙarni na 20, musamman ta littattafan George Macleod, ɗan Sukotlan, kan shanu da dawaki da karnuka. Likitocin Birtaniya masu wannan ra'ayi sun kafa ƙungiyarsu a farkon shekarun 1980, ta ƙasa da ƙasa ta biyo baya a Luksamba a 1986, ta Amurka kuma a 1995. A tarukansu, yawanci likita kan tashi ne ya ba da labarin dabba ɗaya: halinta, abin da take tsoro, ko ta fi son inuwa ko hantsi, da maganin da ya zaɓa mata. Hujjar da suka fi so ita ce dabba ba ta san an ba ta magani ba, balle ta warke don ta sa rai. Masu suka kan ce ai mai dabbar ya sani, kuma idonsa ne ke cewa ta ji sauƙi.

Dokar kiwo ba sinadari da Tarayyar Turai ta fitar a 1999 ta ƙara wa harkar kasuwa, don ta fifita irin waɗannan magunguna in suna aiki. Tambayar ke nan da binciken Doehring da Sundrum na 2016 ya bi: cikin gwaje-gwaje 52 kan dabbobin kiwo, 28 sun nuna alamar amfani, amma babu ko ɗaya da aka maimaita a yanayi iri ɗaya don a tabbatar. Wannan giɓi ne babba ga hanyar da ta kusa shekara 200 a cikin garke.

A Nuwamban 2017 hukumar da ke kula da likitocin dabbobi a Birtaniya ta ce homiyofati ba shi da tushe a kimiyya, kada a jinkirta ingantaccen magani saboda shi. Ba ta haramta shi ba. Duk da haka, a Afrilun 2018 magoya baya suka yi tattaki zuwa ofishinta a Landan, wasu riƙe da karnukansu, suna neman a janye sanarwar.