Karatun nishaɗi a makarantun sakandare: Asali, cikas da wanda alhakin ke wuyansa

Karatun nishaɗi shi ne wanda ɗalibi ke yi don sha'awar kansa, ba tare da malami ya tilasta masa ko jarrabawa ta matsa masa ba. Masana ilimi na ganin shi ne ke faɗaɗa kalmomin ɗalibi, ya kaifafa tunaninsa, ya kuma koya masa auna magana kafin ya gaskata ta. A shekarar 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Da irin wannan rauni ɗalibai da yawa ke shiga sakandare.

Yadda aka faro

A shekarar 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, domin waɗanda suka koyi boko su sami abin karantawa da harshensu. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Magana Jari Ce ya biyo baya, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966, ya ci gaba da wadata makarantu da waɗannan littattafai.

Zamanin adabin kasuwar Kano

Daga shekarun 1980 marubuta suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa da Ado Ahmad Gidan Dabino, marubucin In Da So Da Ƙauna, na cikin waɗanda suka yi fice. Littattafan na da araha, akwai kuma shagunan bayar da su haya, don haka suka game makarantun kwana, musamman na 'yan mata. Sun sha suka cewa suna ɓata tarbiyya, har a 2007 gwamnatin Kano ta ƙona wasu a bainar jama'a. Masu kare su kuwa suna cewa ta hanyarsu matasa da dama suka iya karatun Hausa da kyau.

Abin da ke kawo cikas

Makarantun gwamnati da yawa ba su da ɗakin karatu, wasu kuma an mayar da nasu ɗakin ajiya. Tsadar takarda ta ɗaga farashin littafi. Jarrabawar WAEC da NECO da JAMB ta sa ɗalibai sun fi karkata ga haddar tsofaffin tambayoyi. Wayar hannu ta cinye lokaci, ko da yake ta zama sabuwar kasuwar labarai, domin marubuta da dama yanzu a WhatsApp da Wattpad suke sakin rubutunsu.

Alhakin wa?

Yawancin makarantun sakandare na gwamnatocin jihohi ne. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin bai-ɗaya har zuwa ƙaramar sakandare, amma sai jiha ta zuba nata kason kafin ta karɓa, kuma jihohi da dama kan bar kuɗin jibge. Shirin dawo da littafi da Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar a 2010 bai ɗore ba.

Abin da ke aiki

Hanyoyin da malamai suka fi yabawa ba su da tsada: a ware lokacin karatu a jadawalin mako, a bar ɗalibi ya zaɓi littafin da yake so da Hausa ko Turanci, a kafa ƙungiyar makaranta littafi, a gayyato marubuta. Gasa ma na zaburarwa, kamar yadda Hikayata ta BBC Hausa ke yi wa mata tun 2016. Mai son bin diddigi na iya duba kasafin kuɗin jiharsa ya ga nawa aka ware wa ɗakunan karatu, nawa kuma aka saki.